Yadda Muka Baro Ƙafar Malam a Dubai

Tun da muka sauka ban huta ba. Wannan ta shigo sannu da zuwa ta ce Hajiya yaya Dubai, waccan ta ce wai da gaske ne a mudu ake auna gwal, wata kuma ta zauna har la'asar tana leƙen bayan ƙofa ko na ɓoye akwati. Bakina ya gaji. Shi ya sa na zaunar da autata Jummai na ce ta ɗauki biro ta rubuta yadda na faɗa, kar ta gyara min magana, duk mai son sani a karanta mata. Ni ba yawon buɗe ido na je ba. Jinya na kai.

Waɗanda suka san gidanmu a Fagge sun san maigidana Malam tela ne tun yana saurayi, kuma sun san ciwon suga ya daɗe da kama shi. Ɗan ciwo ne ya fito masa a babban yatsan ƙafar dama, ya ce ba komai. Yatsa ya yi baƙi, baƙi ya hau sama, har ɗaki ya fara wari. Likitan da ya duba shi a nan ya ce sai an yanke. Malam ya sa hularsa ya ce cikakke Allah Ya halicce shi, cikakke za a kai shi kabari, ya fice daga asibitin yana dogara sanda. Babu wanda bai roƙe shi ba, har limamin unguwa.

Sai ɗana na fari, wanda ba na kiran sunansa, Abba muke ce masa, ya bugo waya daga Dubai inda yake sana'ar kago, wato aika wa 'yan kasuwa kayansu ta jirgi. Ya ce ya samo wani babban Farfesa ɗan ƙasar Holan, wanda duk duniya aka sani da gyaran jijiyar jini. Ya ce mutumin nan ba ya yanke ƙafa, ceto ta yake yi. Da kunnena na ji, don a fili aka sa wayar. Ni abin da na sani da Holan atamfa ce, kuma atamfarsu ba ta zuba, na ce to wataƙila mutanensu ma haka suke. Da wannan maganar aka ɗaga Malam daga tabarma.

A filin jirgin Kano na fara faɗa. Ina gyara masa riga na ji ƙulli a aljihu, ashe garin maganin da wani mai tallan lasifika ya sayar masa ne, wanda ya yi ta barbaɗawa har ƙafar ta ruɓe. Na cire na jefa a kwandon shara a gaban mutane. Bai ƙara yi min magana ba har muka sauka Habasha canza jirgi, inda muka zauna a kan kujerun ƙarfe sanyi yana cin mu, aka rasa mai tura keken marasa lafiya. Ni na tura shi, da zanina da mayafina, ma'aikata suna kallo. A cikin jirgi na biyu matar da ke kusa da mu ta toshe hanci da gyale ta nemi a canza mata wuri. Ban ga laifinta ba, amma na kalle ta har ta tashi.

A Dubai ba a tambayarka daga ina, ba a ce maka ya hanya. Wani saurayi cikin farar jallabiya ya nuna min wata na'ura da yatsa, ya ce in kalla. Na kalla, ya ce in buɗe ido. Na ce a buɗe suke. Ya buga hatimi a fasfo ya ce yalla, wato in wuce, idonsa yana kan wayarsa. Wajen duba kaya suka kwance ledar daddawata, wanda ya kwance ya ja da baya kamar ya ga maciji, ya kira ɗan'uwansa, suka yi ta juya ta da bakin biro. Na gutsura na sa a baki don su ga abinci ne. Suka ɗaure min suka ce kalas, in tafi.

Abba ya tare mu ya durƙusa ya gaida ubansa. Na lura bai kalli ƙafar ba, kuma bai kalli idona ba. Na ajiye wannan a raina.

Masaukinmu a wata unguwa ne da ake kira Rigga, a saman bene, ana hawa da lifta. Gida ɗaya ne aka yayyanka da katako, kowa da ɗan akurkinsa, kwalayen kayan mutane jibge har rufi suna jiran jirgi. Babu zaure, babu tsakar gida, babu inda za ka shanya zani. Waje zafi kamar bakin murhu, ciki sanyin na'ura har ƙashi. Maƙwabcinka na bene ɗaya zai shiga lifta da kai, kafaɗa tana gugar kafaɗa, ba zai ce maka uffan ba. Sau biyu ina yi wa wata mata sallama tana kallon lambobin bango, na uku na bar ta da halinta. Abincinsu shinkafa ce rawaya mai ƙamshin turare, da wani burodi fale-fale. Malam ya ture. Allah Ya haɗa mu da Hadiza, wata 'yar Maraɗi da ke dafa tuwo tana sayar wa 'yan kasuwa a benen ƙasa. Ita ta riƙa hawowa da miyar kuka, tana cewa, "Inna, sa ba? Ya mai jiki? Yaushe za ku likita?" Sa ba gaisuwarsu ce ta Faransanci, kuma su asibiti suke kira likita. Ita kaɗai ta tambaye ni ko na yi barci a garin nan.

Asibitin kuwa sai ka rantse otal ne. Ƙasa tana sheƙi, furanni a tukwane, ba ka jin warin magani. Aka haɗa mu da wata nas mai suna Rifkatu, Kirista 'yar Filato, ta daɗe tana aiki a can. Ta ce, "Sannu Mama, sannu Baba, ni zan riƙa juya muku magana." Jin Hausa a bakinta ya sa na ɗan saki jiki.

Farfesan ya shigo. Dogon tsoho ne, kai fari fat, riga mai gajeren hannu, takalminsa ma ya ji jiki. Yara likitoci suna biye da shi kamar 'yan rakiyar ango. Ya ɗaga mana kai sau ɗaya, gaisuwar ke nan. Ya jawo wata 'yar kujera ya zauna ƙasa da Malam, ya kwance bandejin da kansa. Na zuba masa ido in ga ko zai yatsina fuska. Bai yatsina ba, har sunkuyawa ya yi ya shinshina. Ya danna bayan gwiwa, ya danna cinya, ya kalli hotunan da aka ɗauka. Sannan ya kalli Malam cikin ido ya yi magana.

Kafin Rifkatu ta buɗe baki Abba ya riga ta. "Baba, ya ce za a fara gwada magani tukuna."

Farfesa ya juya ya kalle shi, ya nuna masa kujera. Abba ya ce wa Rifkatu ƙasa-ƙasa, "'Yar'uwa, ki sassauta, dattijo ne."

Ta ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, abin da ya faɗa zan faɗa." Ta juyo. "Baba, ya ce ƙafar nan ta mutu. Ya ce babu jijiyar da za a gyara. In an yanke daga ƙasan gwiwa za ka rayu. In ba a yanke ba dafin zai shiga jini ya kashe ka, kuma ba da daɗewa ba. Ya ce tun da aka aiko masa da hotuna ya gaya wa ɗanka cewa da wuya ta tsira."

Ku da kuke tambayata ko na hau dogon benen nan na Dubai da ake ta labari, ga abin da na hau. A garinmu irin wannan magana ƙanin mutum ake ja gefe a gaya wa, shi ya nemi aminin mara lafiya, a zo da la'asar a yi ta kewaye-kewaye da nasiha har mutum ya gane da kansa. Wannan Bature ya faɗa wa Malam mutuwarsa kamar mai faɗin kuɗin itace. Na ji kamar in tashi in rufe shi da faɗa. Amma wanda ya fi ƙona min rai yana zaune a kujera ya sunkuyar da kai. Ya sani. Ya ɗauko tsoho da ruɓaɓɓiyar ƙafa ya ratsa da shi ƙasashe a kan ƙarya, ya sa ni ma na taya shi lallashi ban sani ba.

Aka kwantar da Malam a ɗaki. Ya juya fuska bango ya ce, "Ku mayar da ni gida."

Abba ya ja ni waje. Ya ce, "Hajiya, da na faɗi gaskiya da bai zo ba. Yanzu ki taimake ni. Abin da yake tsoro a binne shi babu ƙafa. Mu ce masa zan sa ta a kago in aika Kano, a binne a inda za a binne shi. In ke kika faɗa zai yarda."

Na ce, "Za ka aika ɗin?"

Ya ce, "Hajiya, ba atamfa ba ce. Ba a yin haka."

Na ce, "To wace ƙarya ce ta gaba, in shirya mata tun yanzu?"

Ya fara cewa wallahi don ransa yake yi. Na ce ya tafi wajen kwalayensa, in ina nemansa zan aika.

Washegari da hantsi na ce wa Rifkatu ta kai ni wajen Farfesa. Ta ce ba a shiga haka sai da alƙawari. Na ce ni ma da alƙawari aka kawo ni. A hanya take ba ni labarinsa. Wai ɗan wani ƙauye ne mai shanu, yana saurayi ya yi aiki a asibitin daji a wata ƙasar baƙar fata, inda babu wuta sai fitila. Ya koma ƙasarsu ya yi ta koyarwa a jami'a har ya tsufa, ɗalibansa sun zama manya a ƙasashe, ana karanta littattafansa. Da ya yi ritaya ne asibitin nan suke gayyato shi lokaci-lokaci. Na ce duk wannan karatu ba a koya masa sallama ba.

Muka same shi a tsaye bakin taga yana cin busasshen burodi da cuku daga cikin takarda, mutum mai wannan girma, ko faranti babu. Na ce ta gaya masa an ce shi mai ceton ƙafa ne, to ya ceci wannan, ya gwada ko sau ɗaya. Ya ce rayuwarsa duka a kan haka ta ƙare, kuma babu abin da ya tsana kamar yankewa, amma da damina ya kamata a kawo masa wannan, yanzu an makara. Na ce to in mun hau jirgi fa. Ya ce wataƙila ya isa, wataƙila kar ya isa, in ma ya isa ba zai daɗe ba.

Yana magana ya ɗauki kofin shayi, sai na ga shayin yana rawa. Na kalli hannun da kyau. Rawa yake yi, ba ta wasa ba. Na ce wa Rifkatu, "Tambaye shi, da wannan hannun zai yanka min miji?"

Ta ce, "Mama, wannan ba zan iya faɗa ba."

Na ce, "Jiya kin iya."

Ta faɗa. Ya ajiye kofin, ya miƙo hannun a gabana ya bar ni na ƙare masa kallo. Ya ce a'a. Ya ce ranar da ya fara ganin rawar nan yana ɗinke jijiya, ya ƙarasa aikin, ya wanke hannu, bai sake ɗaukar wuƙa ba, kuma babu wanda ya ce ya daina. Ɗalibarsa ce za ta yi, shi zai tsaya a kanta. Ya ce ta fi shi hannu ko lokacin da yake da hannu. Wato mun baro Kano saboda hannun da ya daina aiki, kuma mace ce za ta yanke wa Malam ƙafa. Na fito ina huci. Amma a bakin ƙofa na tambayi Rifkatu abin da ake yi da ƙafar in an cire. Ta ce ta Musulmi ba a zubarwa, ana ba dangi takarda a kai maƙabarta a binne.

Na koma ɗakin Malam. Yana nan yadda na bar shi, zazzaɓi ya fara hawa. Na ja kujera na zauna. Shekarun da muka yi tare ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

Na ce, "Malam, juyo ka ji. Yaronka ya ce in gaya maka za a aika ƙafar Kano. Ƙarya ne, ba za a aika ba. In an yanke a nan za a binne ta, cikin baƙi. Baturen ma ba shi zai yanka ba, mace ce. Ga gaskiyar duka, ban rage ba."

Ya ce, "To kin ji dalilin da zan tafi gida."

Na ce, "Ba za ka isa ba. In ka mutu a garin nan, a nan za a binne ka cikakkenka, babu wanda ya san ka, liman ba zai san sunan wanda yake sallata ba. Ni kuma in hau jirgi ni kaɗai in je in yi takaba. Ƙafa kake so ta kwana a Dubai, ko kai gaba ɗaya?"

Ya ce, "Ke ba ki da tausayi."

Na ce, "Tausayin ne ya sa muka zuba maka ido kana barbaɗa gari har ta ruɓe. Ya ƙare."

Bai juyo ba. Bangon yake kallo. Ya ce, "Kar a sa ta a leda kamar naman kasuwa. Ke za ki naɗe ta."

Hadiza ce ta raka ni wata unguwa da ake kira Satuwa, inda teloli suke jere shago bayan shago, kekuna suna ta kuka kamar layinmu na Fagge. Muka shiga wajen wani Ba'indiye na nuna farin yadi. Ya tambayi nawa zai yanka. Na auna da kamu, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, na ƙara na naɗi. Ya kalli tsawon, ya kalle ni, ya ajiye almakashi ya yi wa Hadiza magana a hankali. Ta ce, "Inna, wai jariri ne ya rasu?" Na ce ta ce masa a'a. Bai ƙara tambaya ba. Ya ninke shi da kyau ya miƙo da hannu biyu.

Ranar aikin na ga ɗalibar, wata siririyar Balarabiya, ba ta kai Jummai jiki ba. Farfesa yana bayanta da hannuwansa a goye. Da aka gama suka fito tare, ita ta yi bayani, shi ya ce an yi lafiya, ya wuce. Ko sannu.

Ba su bar ni na wanke ƙafar ba, sun ce doka ta hana a buɗe. A wani ɗaki mai sanyi aka kawo min ita a rufe cikin abin da suka sa ta. Na shimfiɗa yadin, Rifkatu ta riƙe min gefe ɗaya, na naɗe na ɗaure sama da ƙasa. Ta fi nauyin da na zata. Rifkatu tana ta hawaye, na ce ta share, ba gawa ba ce.

Abba ya ce in zauna, shi zai kai. Na ce na daina aikensa inda idona bai gani ba. Muka yi tafiya mai nisa a mota har benaye suka ƙare, sai rairayi da katanga. Na san mata ba sa shiga maƙabarta, ban nemi shiga ba. Na tsaya bakin ƙofa cikin rana, na ga ya rungume ta a ƙirji yana bin wani ma'aikaci, har suka sha kwana. Da ya fito gwiwoyin wandonsa duk ƙasa, idonsa ja. Ya buɗe min mota. Na karɓi ruwan da ya miƙo.

Da Malam ya dawo hayyacinsa abin da ya fara tambaya ke nan. "An fuskantar da ita gabas?" Abba ya buɗe baki, na riga shi. Na ce, "Na naɗe da hannuna, na ga an shiga da ita. Ramin ban gani ba." Ya kalli Abba. Abba ya ce, "An fuskantar, Baba." Malam ya rufe ido. Har yau ban san ko ya yarda ba, ni ma ban sani ba.

Ranar sallama Farfesa ya zo ya duba dungun, ya ce ya yi kyau, ya ce in Malam ya ci gaba da shan shayi da sukari za a dawo a yanke ɗayar. Haka ya faɗa, haka Rifkatu ta juya. Malam ya ce, "Wannan mutum ba a haife shi da kunya ba." Rifkatu ta tambaya ko ta juya. Na ce ta juya mana. Tsohon ya yi dariya, karo na farko da na ga haƙoransa, ya ce matarsa ma haka take cewa.

Dawowa babu wanda ya toshe hanci a jirgi.

Yanzu Malam yana nan, kun gan shi, yana koyon sanduna yana zagin su. In Abba ya bugo waya ya ce a ce yana barci. Ni kuma in baƙi sun zo dubiya ya nuna ni da haɓa ya ce ga wadda ta yanke shi. Ba na musu. Na ɓoye gwangwanin sukari, wannan ma faɗa ne kullum.

Ɗazu da safe na kai masa koko na same shi yana cije leɓe. Ya ce babban yatsan ne yake masa ƙaiƙayi, na dama. Na ce wanne na dama. Ya ce, "Ke dai sosa min." Na ajiye kwanon, na zauna bakin gado, na sa hannu a kan katifa daidai inda ƙafar take kaiwa da, na fara sosawa.

Ya ce, "Ƙasa kaɗan."